Dokar Bahago

A ƙarshen layin masu walda akwai wata doguwar rumfa mai rufin kwano, wadda kafintoci suka haɗa hannu suka kama tun da daɗewa. A cikinta kowa da teburinsa, kowa da gudumarsa, kuma ba a taɓa kayan wani sai da izininsa. Abu ɗaya ne na kowa da kowa, shi ne zarton inji da ke tsaye a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Tsayinsa ya ɗara na mutum. Ruwansa ba miƙaƙƙe ba ne irin na zarton hannu. Siririyar ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora, an haɗe bakinta, tana zagaya tayoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace a cikin akwati mai murfi. Waɗanda suka kafa rumfar su ne suka laƙaba masa suna Tsohuwa, suna cewa ita kaɗai ce tsohuwar da ake sauya wa haƙora ta koma tauna ƙashi.

Tsohuwa tana da dokoki, kuma babu wadda aka zauna aka ƙaga don jin daɗin baki. Kowace doka sai da wani ya biya ta da jikinsa, saboda haka da sunansa ake kiranta. Akwai Dokar Mai Zobe, wadda ta hana a kusanci injin da zobe ko agogo. Akwai Dokar Kurma, wadda ta ce ba a yi wa mai yanka magana, ba a kuma dafa shi ta baya, sai ruwan ya tsaya cik. Akwai Dokar Mai Riga, ta naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu. Duk waɗannan mutane ƙasa ta rufe idonsu, ko kuwa sun bar sana'ar sun yi nisa, don haka sunayensu ba sa yi wa kowa ciwo. Ta ƙarshe ce kaɗai mai ita yake raye, yana kuma zaune a teburin da ke fuskantar injin, yana ji ana karanta ta ga duk wanda ya shigo. Ita ce Dokar Bahago: duk wanda zai buɗe cikin Tsohuwa don shara, sai ya zare wayar daga soket, ya sa kan wayar a aljihunsa, kada ya fito da shi sai ya mayar da murfi.

Ba bahago aka haife shi ba. A da Mai Kujeru ake ce masa, hannunsa na dama kuwa ya yi suna a layin, domin ƙafar kujerar da ya fitar a kan Tsohuwa ba ta bukatar a bi ta da gyara. Shi ne ya kawo mijin ƙanwarsa rumfar, wani mai haɗa gadaje, mai saurin hannu da saurin baki, wanda aka shiga kira Ango tun yana sabon aure, sunan ya bi shi har furfura.

Ranar da abin ya faru rana ce ta zafi. A kusurwar nan soket ɗaya ne tak, zarto da fankar bango suke rabonsa. Wayoyinsu duka baƙaƙe ne, kaurinsu ɗaya, in an sa ɗaya to ɗayar tana yashe a ƙasa cikin dusar katako. Wuta ta ɗauke alhali Ango yana tsakiyar yanka, sai ya zare katakonsa ya tafi, ya bar makunnin a kunne. Mai Kujeru ya ga dusa ta cushe akwatin ƙasa, ya zare wayar ya ajiye ta a ƙasa, yadda aka saba yi a wancan zamani, ya durƙusa ya zura hannu. Yana nan wuta ta dawo. Ta ƙarƙashin injin ya hangi ƙafafu biyu cikin takalma masu ruwan toka, ɗayan an ɗinke maɗaurinsa da zaren buhu, ya kuma ga hannu ya sauko ya ɗauki kan waya. Kafin ya buɗe baki, Tsohuwa ta tafi da yatsansa na nuni da na tsakiya.

Yana kwance a asibiti aka yi zaman rumfa. Ango ya tsaya gaban Dattijo, wanda makullin rumfar da hukuncinta suke hannunsa, ya ce shi da ya iso wurin a cikin soket ya tarar da wayar. Wan matarsa mantawa ya yi bai zare ba. Babu wanda ya ga akasin haka. Kafin mai ciwon ya dawo an riga an yanke doka. Da ya fara koyon riƙe fensir da hagu, Ango ne cikin raha ya fara kiransa Bahago, dokar kuma ta ɗauki sunan.

Sau ɗaya Bahago ya yi magana, ya ce takalman Ango ya gani a wurin soket ɗin. Dattijo ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Takalmi ba shaida ba ne, rabin layin nan irinsa suke sawa. Tun kafin a haife ka, ba a kama mutum a rumfar nan sai da idon wani ko da bakin mai laifi." A ranar kuma ƙanwarsa Auta ta same shi a gida da tsohon ciki, ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Yaya, in aka kore shi daga rumfa, ni aka kora." Bahago ya haɗiye maganar. Amma haɗiyewa daban, narkewa daban. Shekaru suka wuce tana nan a ƙirjinsa kamar ƙusar da ta karye a cikin katako, ba a ganinta, sai dai duk zarton da ya bi ta kanta ya ji ta.

Ana nan sai wani tsohon direban babbar mota, wanda ciwon baya ya sauke daga hanya, ya kama tebur a rumfar don ya koyi haɗa ƙananan kujeru. Muryar Dattijo ta yi rauni, saboda haka ya ce Ango ya nuna wa baƙon Tsohuwa. Ango kuwa abin nema ya samu.

"Matso, Direba, ba ta cizo sai an tsokane ta," in ji shi. "Amma ka sani wannan ba motarka ba ce, ba ta da birki, ba ta da ribas. Ka ga ƙarfen nan da ke rufe ruwan? Sauko da shi har ya kusa taɓa katakonka, kada ka bar haƙora a waje suna shan iska. Ka kunna, ka jira ta ɗauki gudu, sannan ka tura a hankali, kamar kana shiga lungu da kaya. In yatsunka sun matso, ga sandar turi nan. Ita in an yanke ta ba ta zuwa asibiti."

"In katakon ya maƙale fa?" Direba ya tambaya.

"Kashe, ka jira ta tsaya, sannan ka ja baya. In ka ja tana gudu, sai ka tuɓe mata ɗamara. In kuma ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas kamar tsohon agogo, to ruwan ya tsage, kashe ka ja jikinka gefe."

Daga teburin da ke kusa da taga, Gwaggo mai firam ɗin madubi, wadda bakinta ya fi kayan aikinta kaifi, ta ce, "Ka ji malami. To faɗa masa kuma wanda ya gama yanka shi ke shara, tunda kai a nan karatun naka yake tsayawa."

"Gwaggo, ki bari in sallami baƙo, ni da ke akwai gobe." Ya juyo ga Direba. "Shara da buroshi ake yi, ba da yatsa ba. Ka kwashe dusa, ka kankare ƙaron da ya manne a taya, in an tashi aiki ka sassauta ruwan ya huta. Amma kafin komai, Dokar Bahago. Yaya, ɗan ɗaga masa hannun. Gani ya kori ji."

Bahago ya ajiye fensir, ya ɗaga hannunsa na dama, kamar yadda ya ɗaga wa duk wanda ya shigo rumfar kafin wannan. Direba ya kau da kai, ya ce, "Sannu, Malam. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Tsautsayi da mantuwa," in ji Ango. "Yayana gwani ne, amma gwani ma yakan manta."

"Haka ne, Ango," Bahago ya amsa a natse. "Wani yakan manta. Wani kuma ba ya mantawa."

Da rana ta raba, Auta ta zo da abinci. Tun daga shekarar ciwon kwano biyu take kawowa, na mijinta da na wanta, kuma kullum na wan ya fi nama. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ta ajiye masa nasa a gefen tebur, ta rage murya.

"Na ji an sake sa ka ɗaga hannu."

"An sa."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Bakinsa ne, ba zuciyarsa ba."

"To ai bakin ne ya ci ni, Auta. Yatsu ban nema ba, ƙasa ta daɗe da cinye su. Amma wata rana jikana zai shigo rumfar nan, a tsayar da shi gaban injin can a ce masa kakansa sakarai ne, ya zura hannu bai zare waya ba." Ya dube ta. "Ke bai taɓa faɗa miki komai ba?"

Ta gyara murfin kwanon da ba ya bukatar gyara. "Ci abincinka kafin ya huce," in ji ta, ta wuce.

Kada a ɗauka Bahago waliyyi ne. Babu wanda ya san Tsohuwa kamarsa, wanda kuwa ya san inda ake gyara, ya san inda ake ɓatawa. Sau da yawa yakan ga tsaga a jikin ruwan, ƙarama kamar gashi, ya san Ango ne zai yi yanka bayansa, ya tsaya yana kallonta zuciyarsa tana ba shi shawara. A ƙarshe yakan cire ruwan ya sa sabo, ba don tausayi ba, sai don ruwan da ya tsinke ba ya tambayar sunan wanda ke tsaye. Yana jira ne, bai dai san me yake jira ba.

A yammacin ranar da Direba ya zo, Ango ya sauya riga. Zai raka wani gado gidan babban mai ciniki, don haka ya sa fara mai dogon hannu, an goge ta har tana ƙyalli. Ana ɗaure kaya ya ga allon kan gadon yana da ɗan tudu a lanƙwasarsa, ya ce bari ya shafe shi. Ya kunna Tsohuwa, ko hannun rigar bai naɗe ba. Bai kai ƙarshe ba wuta ta ɗauke. Ya yi tsaki, ya zare allon, ya nufi ƙofa.

"Wanda ya ci shi ke wanke kwano," in ji Dattijo daga kujerarsa.

"Baba, mota na jira."

"Ta jira. Tsohuwa ta riga ta zuwa."

Ango ya dawo yana gunaguni, ya durƙusa ya buɗe akwatin ƙasa.

"Aljihu, Ango," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Haba Gwaggo, wutar da ta tafi yanzun nan? In mun gan ta kafin magariba mun yi sa'a."

"Wuta dai ba ta sallama in za ta shigo."

Ya yi mata alama da hannu, irin ta a bar zancen. Kowa ya koma kan aikinsa, ban da Bahago. Idonsa yana kan makunnin, wani tsohon ƙarfe da ake ɗagawa sama in za a kunna. Yana nan a sama. Ya bi wayar da ido har soket. Tana ciki. Wurin yatsun da babu ya soma yi masa ƙaiƙayi, kamar yadda yakan yi in hadari ya haɗu.

Ango bai ɗauko buroshi ba, da tafin hannu yake kwasar dusar. Ya juya tayar don ya kai ga bayanta, sai bakin hannun rigarsa ya shige tsakanin taya da ruwa. Ya ja, haƙora suka kama yadin. Ya juya tayar baya, suka ƙara nutsewa. Wuyan hannunsa ya manne da ruwan, ƙarfen da ake murɗawa a sassauta kuwa yana can saman injin, inda durƙusasshe ba zai kai ba.

"Yaya," ya kira, yana 'yar dariya, "zo ka sassauta mini, tsohuwarku ta ga farar riga ta yi sha'awa."

Bahago bai motsa ba. A daidai lokacin, daga can saman layi, ya ji ƙarar walda ta tashi. Duk wanda ya daɗe a layin ya sani, wuta takan fara isa wurin masu walda, sannan ta gangaro ƙasa kafin mutum ya gama shan ruwa.

Ba a bukatar ya yi komai, zama kawai. Babu idon da zai kama shi, babu bakin da zai tona shi, hukuncin Dattijo da kansa zai wanke shi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, ga shi kuwa ya faɗo a gabansa, a kusurwa ɗaya, a soket ɗaya, da makunnin da mutum ɗaya ya bari. Ya hango jinin a kan farar rigar, kuma gaskiya ita ce bai ji ƙyamar abin da ya hango ba. Sai dai wani tunani ya biyo baya, mai sanyi, irin na mai awo. In Tsohuwa ta ci Ango, sannu za a riƙa yi masa. Za a ce ya karya Dokar Bahago, sunan ya ƙara kafuwa. Mai rauni ba a tuhumarsa, bakinsa kuma zai rufe har abada. Yatsun Ango ba za su tsiro a hannun kowa ba. Abin da aka ƙwace masa ba a hannun Ango yake ba, a harshensa yake.

Ya miƙe, ya zagaya bayan injin, ya sunkuya. Ya zare wayar zarto, ya tura kanta cikin aljihun wandonsa, rigar aikinsa ta rufe. Sannan ya laluba cikin dusa ya ɗauko kan wayar fanka, ya miƙe da shi a hannunsa na hagu. Bai gama miƙewa ba ƙwan fitilar rumfar ya kama, rediyon Gwaggo ya soma magana.

Ango ya zabura, ya leƙo ta gefen murfi, ya ga kan waya a hannun wan matarsa, ya sauke numfashi.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. To sassauta mini."

"Tukuna," in ji Bahago. Ya kai kan wayar bakin soket, ya tsayar da shi a nan.

Dattijo ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Bahago, ajiye wayar nan."

"Baba, kai ka ce ba a kama mutum sai da idon wani ko da bakin mai laifi. Idon ban samu ba. Bakin nake nema." Direba ya ɗaga ƙafa zai matso, Bahago ya dube shi. "Tsaya inda kake, Direba. Hannun hagu ne, koya na yi, bai cika saiti ba." Ya sauke ido kan wanda ke durƙushe. "Ango, duba makunnin. Ina yake?"

Ango ya ɗaga kai. Gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga. "A kunne."

"Wa ya bar shi?"

"Ni."

"Waccan ranar fa?"

"Yaya, don darajar Auta."

"Darajar Auta ce ta sa har yau kake da yatsu goma. A ina ka tarar da wayar?"

Ango ya dubi Dattijo, ya dubi Gwaggo, ya dubi ruwan da ke kwance a kan jijiyar hannunsa. Bahago ya matsa kaɗan, har aka ji ƙarfen kan wayar ya taɓa bakin soket.

"A ƙasa take," in ji Ango.

"Ɗaga murya. Kunnen Baba ya yi nauyi, kai ka sha faɗa."

"A ƙasa na tarar da ita. Ka zare, Yaya, ka zare ta. Zafi ne ya dame ni, na ɗauka ta fanka ce. Wallahi ta fanka na ɗauka."

"To me ya sa ka ce na manta?"

"Tsoro. Na ji tsoro a kore ni. Daga baya kuma maganar ta yi nisa, na rasa ta inda zan kamo ta."

Bahago ya bar kalmomin suka zagaya rumfar, suka zauna a kunnen kowa. Ya daɗe yana tsara wannan lokaci a ransa, bai kuma yi niyyar gajarta shi ba.

"To bari mu gani," in ji shi, "ko shekarun nan sun ƙara maka ilimi."

Ya tura kan wayar cikin soket. Ango ya runtse ido ya saki wata irin ƙara, Dattijo ya yi salati. Sai fankar bango ta yi gurnani, ta juya a hankali, ta ɗauki gudu, ta kwaso dusar katako ta watsa a kan farar rigar. Tsohuwa tana tsaye shiru. Bahago ya sa hannu a aljihu, ya fito da ɗaya kan wayar, ya nuna wa Ango kamar yadda ake nuna wa mai koyo.

"Har yau ba ka iya bambanta su ba."

Ya mayar da shi aljihu, ya sauke makunnin, ya murɗa ƙarfen sama har ruwan ya saki, sannan ya durƙusa ya cire yadin daga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, da natsuwar da ya saba aiki da ita. Hannun rigar ya zama tsumma. Fatar Ango kuwa ko ƙwarzane babu. Ya zauna a ƙasa cikin dusa, yana buɗe yatsunsa yana rufewa.

"Ni tun farko na hangi wayar ta shige aljihunsa," in ji Gwaggo, tana rage muryar rediyo. "Na dai ce bari in ji ƙarshen labarin."

Dattijo bai ɗaga zaman zuwa gobe ba. Ya sa aka sallami motar, aka jawo kujeru.

"An taɓa yin irin wannan," in ji shi. "Dokar Kurma da fari sunan wanda ya ji ciwo aka sa mata, sai daga baya aka gane wanda ya dafa shi ta baya, aka mayar da suna inda ya dace. Abin da magabata suka yi, shi za mu yi. Daga yau dokar aljihu Dokar Ango ce. Ni kuma da na yanke hukunci mai ciwo yana kwance, ban jira ya tashi ba, nawa kason na ɗauka." Ya dubi Bahago. "A ƙa'ida, wanda ya yi wa rumfa ƙarya a kan jini, teburinsa ya faɗi. Kai aka zalunta. Me ka ce?"

"Kada a kore shi, Baba."

Ango ya ɗago kai da sauri, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya zauna," Bahago ya ci gaba. "Teburinsa ma a matso da shi kusa da injin. Ina so ya riƙa ji ana karantawa."

Dattijo ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ba amsar da ya zata. Ya yanke cewa Ango ba zai taɓa Tsohuwa ba sai bayan damina. Kafin nan da zarton hannu zai fitar da allunan gadajensa. Ya kuma ce a shafa wa wayar fanka jan fenti tun daga kai har gindi, abin da ya kamata a yi tun wancan lokaci. Kowa ya ɗauka an gama, sai ya ɗaga sanda.

"Saura ɗaya. Abin da aka yi yau ba a taɓa yinsa a rumfar nan ba, kuma ba za a sake ba. Da ya fizgi hannunsa don firgita, da yanzu muna hanyar asibiti, ko da wuta ko babu. Saboda haka ga sabuwar doka: ba a wasa da waya, ba a tsorata mutum, matuƙar hannunsa yana cikin injin. Wanda ya yi, ya bar teburinsa ya fita. Doka kuwa ba ta zama ba suna, kuma kun san yadda ake sa shi." Ya tsayar da idonsa a kan Bahago. "Sharar rumfa ma taka ce, har ranar da shi zai koma kan injin."

Bahago ya yi murmushi, na farko da aka gani a fuskarsa a gaban Tsohuwa tun da ya dawo daga asibiti.

"Wannan kam tawa ce, Baba. Ni na yi, ban kuma manta ba. A sa mata sunana."

Kashegari da rana Auta ta zo da kwanonta biyu. Ta fara kai wa mijinta nasa, a sabon wurinsa kusa da injin, inda yake fama da zarton hannu gumi yana zuba. Sannan ta zo ta ajiye na wanta, ba ta rage murya ba.

"Ka huce, Yaya?"

"Na huce."

"To ni yanzu na fara."

Ta juya ta fita. Ya buɗe kwanon, ya tarar da nama daidai da na kowa, babu ƙari. Ya fahimci abin da ake nufi, ya kuma ga an yi adalci. Ya ci abincinsa har ya suɗe.

Da yamma Direba ya gama yankansa na farko, ya sauke makunni, ya jira ruwan ya tsaya, ya ɗauko buroshi. Ya tsaya gaban akwatin ƙasa yana sosa ƙeya, alamar wani abu ya shige masa duhu.

Bahago ya jingina tsintsiyarsa da bango.

"Ango," in ji shi, "baƙo ya manta. Zo ka karanta masa dokarka. Ka ɗaga murya, Baba ma yana son ji."